Kuɗin Wankin Motar Haji Baharom

Ipoh, 4 ga Yuli

Liyana,

Assalamu alaikum. Da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki da ciwon bayanta. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu tana gaishe ni kowace safiya, ta dama kuma ta fara ɗaukar darasi a wurinta. Kin ce in riƙa turo saƙo ta waya. Na gwada. Yatsana yana danna harafi uku a lokaci guda, don haka ki haƙura da takarda.

Kwalin ya iso. Riga biyu masu ruwan bula da sunan kamfaninki a ƙirji, baƙin wando, hula, rufaffen takalmi mai nauyin tsiya, bajon shiga da hotona a jiki, sai 'yar na'urar karɓar kati. Rigar ta yi mini daidai muddin ban ja numfashi ba.

Na gode, kuma da gaske nake. Tun da mutanen layin Cempaka suka kafa shinge suka ajiye maigadi, suka ce mai aiki ba ya shiga sai da sunan kamfani mai rajista, na zama baƙo a layin da na shekara ashirin da shida ina wanke motocinsa. Maigadin mutumin kirki ne, yana ba ni haƙuri yana sauke ƙarfen da ke tare hanya. Da ba ki sa sunana cikin ma'aikatanki ba, da yanzu ina gida ina kallon ƙadangarun bango. Kakarki Opah Esah 'yar kawuna ce, a tabarma ɗaya muka yi ƙyanda. Da tana raye da ta ji daɗin abin da kika yi.

Sai dai akwai wata takarda a ƙasan kwalin, mai jerin farashi. Wanki kaza, goge fenti kaza, zuƙe ƙurar kujeru kaza. Liyana, ni ban taɓa yanka wa mutum kuɗin aikina ba. Mahaifina mai gyaran targaɗe ne a Kuala Kangsar, har ya koma ga Allah bai taɓa cewa a ba shi kaza ba. Haka na taso, haka nake yi. In na gama, mai mota ya miƙo hannu mu gaisa, kuɗin na naɗe a tafinsa, in zura a jakar yadi da ke ƙuguna ban duba ba. Ranar Juma'a in zazzage duka wuri guda. Ban san na wane da na wane ba. Shi ya sa gidajen nan goma sha huɗu babu inda ba a ba ni kujera.

Ki faɗa mini yadda za a yi da wannan.

Naki,
Tok Andak


Shah Alam, 11 ga Yuli

Tok Andak,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Mama tana gaishe ka, ta ce ka daina ɗaukar bokiti biyu a tare.

Zan yi magana a fili don kada a samu ruɗani daga baya. Kamfanin ba nawa ni kaɗai ba ne, mu uku ne, kuma sauran biyun ba su san Opah Esah ba. Abin da na samu suka yarda da shi wata uku ne, zuwa ƙarshen Satumba. In layin Cempaka ya tafi yadda sauran layukanmu ke tafiya, naka ne. In bai tafi ba, za a ba wani ma'aikacinmu, Faizal. Dama yana zuwa Ipoh sau biyu a mako, yana da mota da injin fesa ruwa.

Abu uku nake roƙo. Ka sa kayan kamfani duka, har takalmin, ban da zane da silifas. Ka bi farashin da ke takardar. Kuma babu tsabar kuɗi, komai ta kati. Kada ka karɓi katin kowa a hannunka, mai mota ne zai ɗora da kansa.

Na san ba haka ka saba ba. Amma mutanen da ke da motar ringgit dubu ɗari uku ba sa jin kunyar a faɗa musu tamanin. Kai kaɗai kake jin kunyar.

Da girmamawa,
Liyana


Ipoh, 29 ga Yuli

Liyana,

Salamu alaikum. Ina gaida mahaifiyarki, ki ce mata bokitin ɗaya nake ɗauka yanzu, amma babba. Ruwa yana sauka kowace la'asar, wanda ya sa duk motar da na wanke da safe sai Allah ya sake wanke ta da yamma, kuma ruwan sama bai iya goge gilashi ba.

Na shiga layi da kayanki. Karen Dokta Ooi, likitan haƙoran nan da ya yi ritaya, wanda na san shi tun yana ɗan kwikwiyo, ya bi ni da haushi har bakin famfo. Malam Marimuthu, tsohon hedimasta, ya fito da jarida a hammata ya ƙame ya sara mini, ya tambaya ko an zo kama shi ne. Matarsa ta ce rigar ta rage mini shekara goma, shi kuma ya ce ta rage mini numfashi.

Takalmin ina sawa. Amma in zan shiga cikin mota sai in cire in jera su a gindin ƙofa. Cikin mota ɗaki ne, mutane na zama a ciki, wasu har salla suke jira a ciki. Ba a shiga ɗakin mutum da takalmi, ko da sunan kamfani a jikinsa.

Batun na'ura kuma na samo masa hanya, kuma daga takardarki na samo. Kin ce mai mota ne zai yi da kansa. To, haka ake yi. In na gama sai in kunna ta, in miƙa masa da hannu biyu, in juya baya in kalli bishiyar da ke kusa. Shi ya rubuta abin da zuciyarsa ta ba shi, ya ɗora katinsa, in na ji ƙarar nan 'yar siririya sai in juyo in karɓa in yi godiya. Kin samu katinki, na samu mutuncina. Takardar farashin tana nan lafiya, na lulluɓe ta da leda kada ruwa ya taɓa ta.

Wanda abin ya fi bai wa dariya Haji Baharom ne, na gida mai lamba ɗaya. Ba ki san shi ba. Benci ɗaya muka zauna a firamare, ni nake yi masa lissafi shi yana ba ni rabin shinkafar kwakwarsa. Shi ya zama ɗan kwangila, ni na zama abin da na zama. Motarsa uku, ranar Talata tasa ce shi kaɗai, daga hantsi har la'asar. In na gama mu zauna a barandarsa, a kawo shayi da soyayyar ayaba, mu zagi gwamnati da likitoci. Da na miƙa masa na'urar sai ya juya ta gaba da baya, ya ce:

"Andak, ashe banki ka buɗe ba ka gayyace mu ba."

Ya rubuta, ya ɗora katin, ya dafa kafaɗata. Ki faɗa wa abokan kasuwancinki su kwantar da hankalinsu.

Naki,
Tok Andak


Ipoh, 22 ga Agusta

Liyana,

Salamu alaikum. Lafiya lau nake, sai dai haƙori ɗaya da ke shirin barina. Dokta Ooi ya duba shi a tsaye a bakin gareji, ya ce da a zamaninsa ne da tuni ya yi waje.

Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba. A gidanmu in babba ya kawo shawara aka yi shiru, an karɓa ke nan. Na ci gaba yadda na faɗa miki. Na ma gaya wa Malam Marimuthu cewa jikata ta birni tana da hankalin da ya fi shekarunta.

Tok Andak


Shah Alam, 30 ga Agusta

Tok Andak,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri, ina Penang muna buɗe reshe, jiya na dawo na tarar da takardunka biyu. Da na gan su da wuri da ba mu kai nan ba.

Ban ce mai mota ya rubuta kuɗi ba. Katinsa na ce ya ɗora. Kai ne za ka rubuta adadin, daga takardar da ka lulluɓe da leda. Na duba abin da ya shigo daga layin Cempaka. A duk layukan da muke da su shi ne na ƙarshe, kuma tsakaninsa da na kusa da shi akwai nisa. Ba zan shiga bayani ba, ka dai yarda da ni.

Sannan wata mai haya a gida na tara ta turo wa ofis hoton ƙafafunka a kan shimfiɗar motarta, da tambayar ko haka muke aiki. Hoton ya zaga ofis kafin ya zo gare ni. Na san abin da kake nufi da cire takalmin. Ita ba ta sani ba, kuma ba ta da niyyar sani.

Saura wata ɗaya. Ka rubuta farashi da hannunka daga gobe, ka bar takalminka a ƙafarka, zan iya cewa kuskuren sabon shiga ne. Don Allah, Tok.

Liyana


Ipoh, 5 ga Satumba

Liyana,

Salamu alaikum. Haƙorin ya fita da kansa a cikin tuwon rogo, bai jira kowa ya yanka masa farashi ba. Ki gaida mahaifiyarki.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau. Sabon shiga. Ranar da na fara wanke mota a layin nan, ke ba ki iya wanke hancinki ba.

Ƙafafuna kuma, tunda ofis ya gani, ki tambaye su ko sun ga laka a jiki. Da ruwa da sabulu nake wuni. Waccan mai hayar wata shida ke nan da zuwanta, ba ta san kowa ba, kowa bai san ta ba.

Kin ce in yarda da ke. Ni kuma na ce ki yarda da ni, mutanena ba irin waɗanda kika taso a cikinsu ba ne. Ban ga laifinki ba, a gida kika gani. Ina wurin bikinki, ko kin manta. Mahaifinki Haron, Allah ya gafarta masa, ya ja kujera ya zauna a bakin rumfa yana buɗe ambulan ɗin gudummawa tun baƙi ba su gama cin shinkafa ba. Ya buɗe, ya leƙa, ya ɗaga kai ya nemo mai ita da ido. Na ga wata tsohuwa daga Parit ta ajiye farantinta ta fita ta baya. Angon ma yana kallo. Ya ga gidan da ake auna kowa, to bai cika shekara ba ya auna nasa zaman ya ga ya isa. Ban taɓa faɗa miki ba don ba a tambaye ni ba. Yanzu da kike son in zauna a bakin rumfa irin zaman Haron, dole in faɗa.

In kuɗin ya yi ƙasa, wataƙila na'urarki ce ke cin rabonta a hanya. Haji Baharom shi kaɗai ya isa ya riƙe layin nan. Mutumin da ya gina rabin Ipoh ba a nuna masa takardar farashi kamar mai sayen kifi.

Zan ci gaba yadda na saba.

Tok Andak


Shah Alam, 9 ga Satumba

Tok Andak,

Muna lafiya. Ban nuna wa Mama takardarka ba.

Na so a ce ka bar aikin nan ba ka ga abin da zan rubuta yanzu ba. Na ma roƙi mai kula da asusunmu kada ya tura maka. Amma tunda ka tono babana daga kabarinsa, bari mu buɗe ambulan ɗin.

Na'urar ba ta cin komai, kuma ba ta mantuwa. Kowane kati da sunan mai shi yake shigowa. Dokta Ooi yana rubuta tamanin, daidai farashinmu, ina jin ya duba a waya. Malam Marimuthu arba'in. Mai hayar da ka raina, tamanin. Sauran tsakanin ashirin da talatin.

Haji Baharom, Talata takwas, mota uku kowane zuwa, wanki da goge fenti da kujeru. Ringgit biyu. Ba biyu a kan kowace mota ba, biyu duka. Ranar 12 ga Agusta ma ringgit ɗaya ya rubuta. Na'urar ba ta karɓar ƙasa da haka, ina jin a nan ta tsayar da shi.

Ringgit biyu ba ya sayen shayin da yake ba ka. Ko da yake na ga kamar shayin ne albashin.

Gaskiya ne babana yana buɗe ambulan a gaban mutane, kuma gaskiya ne mijina ya tafi. Amma babana ya mutu ya san su waye abokansa.

Liyana


Shah Alam, 24 ga Satumba

Tok Andak,

Da fatan kana lafiya. Ba mu ji daga gare ka ba, kuma na ga har makon jiya ba abin da ya canza a na'urar.

Bajon shigarka zai daina aiki ranar 30 ga wata da yamma. Faizal zai fara 1 ga Oktoba. Ka haɗa rigunan da takalmin da na'urar a kwalin da suka zo, direbanmu zai biyo ya karɓa.

Liyana binti Haron


Ipoh, 6 ga Oktoba

Liyana,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Gwiwoyin sun samu hutun da suka daɗe suna nema, yanzu kuma sun ce zama ne ke damun su. Da fatan ke ma kina lafiya.

Kwalin ya tafi da direbanku. Na wanke rigunan na goge. Maɓalli ɗaya ya tsinke, na ɗinka wani, ba launinsa ba ne amma yana rufewa.

Ban ba ki amsa ba saboda ban samu abin rubutawa ba. Mako biyu ina shiga layin ina miƙa na'ura ina juya baya kamar da, amma bishiyar ta daina kalluwa. Kunnena na wurin yatsan mutum, ina jin sau nawa ya danna. Malam Marimuthu ya yi mini barkwancinsa na kullum, na ji kaina ina cewa a zuci, wannan dariyar ta arba'in ce. Shekara sittin da bakwai ban san ina da irin wannan zuciyar ba. Kin iya kyauta.

Na kuma tuna Timah, matata. Lokacin da take raye ita ke zazzage jakar, kuma kullum da yamma take yi, ba mako-mako ba. Takan ce jakar Talata ba ta da nauyi. Nakan ce mata kuɗin manya ba ya nauyi, takarda ɗaya ce babba. Sai ta dube ni, ta ɗaure bakin jakar, ta tambaya ko in zuba mini abinci. Shekara ashirin da uku ba ta ƙara ko kalma a kan haka ba. Ban san ko tausayina take ji ba ko ta gaji da ni ne.

Talatar ƙarshe na yi yadda kika ce, duka. Na ɗaure rigar har wuya. Na shiga motocinsa uku da takalmi, na ji kamar ina taka gadon mutum. Na goge fentin har ina ganin giɓin haƙorina a ƙofa. Da na gama na ciro takardarki daga leda, na haɗa, na rubuta ɗari biyu da arba'in da yatsan nan mai danna uku-uku, sai da na goge sau huɗu. Na miƙa masa, ban juya ba.

An riga an kawo shayin, yana kan tebur yana hayaƙi. Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya dube ni. 

"Na ɗauka mu 'yan'uwa ne, Andak."

Na ce ni ma haka na ɗauka.

Sai ya yi mini bayani, a hankali, yadda ake yi wa yaro. Wai shi bai taɓa ɗaukata ma'aikaci ba. Wai a ganinsa aboki ne ke zuwa ya taya shi kula da motoci don a samu dalilin zama a yi hira, abin da yake sa mini a hannu kuma don kada hannu ya koma wofi ne kawai, kamar yadda ake yi wa mai gyaran targaɗe. Wai da ya san kuɗi nake nema da tuni ya ba ni aikin gadi a ɗaya daga gine-ginensa. Har yau ban san ko ya yarda da abin da yake faɗa ba. Fuskarsa dai ta yarda.

Ya ɗora katin, na'urar ta yi ƙararta. Ya ce in dai farashin kamfani zai biya, gara a turo masa mai injin fesa ruwa, ya ji an ce minti arba'in yake gamawa. Ya kira mai aikin gidan ta kwashe shayin, ya ce ya huce. Ki faɗa wa Faizal ya samu gida mai lamba ɗaya tun kafin ya zo. Ki kuma faɗa masa farar motar ba ta son man goge mai ƙarfi, fentinta ya yi siriri a murfin gaba.

Ranar Juma'a a masallaci Haji ya shigo, ya ga wuri a gefena, ya wuce sahu na uku. Bayan an sallame mutane suka yi ta zagaye-zagaye har wani ya tambaye ni abin da ya haɗa mu. Ashe ya riga ya ba su labari. Wai tsufa ya sa mini son kuɗi, wata jikata ta birni ta sa mini riga ta juya mini kai, na kai wa abokin yarintata takardar farashi har barandarsa. Liman ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan kwaɗayi, mai kyau, da ayoyi. Na saurara, na yi godiya.

Ban ƙaryata ba, kuma ba zan ƙaryata ba. In na buɗe baki sai na faɗi adadin, in na faɗi adadin kuwa duk Ipoh za ta san wane ne ya shekara ashirin da shida yana durƙuso a gindin taya kowace Talata yana murna. Na gwammace a ce da ni mai kwaɗayi.

Ki gaida mahaifiyarki. In ta tambaya, ki ce gwiwa ce ta ajiye ni. Adadin nan ya tsaya tsakanina da ke da mai kula da asusunku.

Tok Andak